Wanke nagetif baƙi da fari a takardar kala, amsa ga ƙanenmu na Samaru

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce ka samo tarin nagetif baƙi da fari na marigayi kakanku, akwai na hawan sallah akwai na biki akwai waɗanda aka ɗauka a situdiyo, ga kuma naka da ka ɗauka da kanka, kana da inlaja, wato na'urar haska nagetif a kan takarda, mai kan kala (kai mai filtocin kala a ciki) amma takardar baƙi da fari ta gagara samu sai dai a yi oda daga waje, ita kuwa takardar kala akwai wani mai lab da ya ce zai yanko maka daga rol ɗinsa ya haɗa maka da kemikal. Shine kake tambaya wai zai yiwu kuwa, in ma ya yiwu hoton zai fito baƙi da fari na gaske ko ɓata kuɗi kawai za ka yi.

Zai yiwu, kuma hoto mai kyau zai fito, wannan ka sa a ranka tukuna. Mun yi shi lokacin da takardar baƙi da fari ta fara wuya, mutane su kawo tsohon nagetif na iyayensu a ce a wanke, ba abin da ke hannu sai takardar kala. Amma abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai: takardar kala ba ta san ruwan toka ba. Kai ne za ka haɗa mata shi, kuma duk wahalar aikin nan da duk daɗinsa daga nan suka taso. In ka gane wannan sauran duk bayani ne kawai.

Takardar baƙi da fari da ka sani, hoton da ke kanta azurfa ne, haske ya taɓa ta, kemikal ɗin da ake kira dibelofa ya mayar da wurin baƙi, wanda ake kira fiksa ya kwashe abin da ya rage, shikenan. Ita ta kala shimfiɗa uku gare ta a kan juna, ɗaya tana jin shuɗin haske ta ba da rini rawaya, ɗaya tana jin koren haske ta ba da majenta, ɗaya tana jin jan haske ta ba da wannan shuɗi mai ruwan kore da ake rubuta shi da C a jikin inlaja. Azurfar da ke cikinta ƴar kaɗan ce kuma aikinta kawai ta tayar da rinin, da an gama kemikal na biyu, wato biliks, ya wanke ta duka, abin da ya rage a hannunka rini ne zalla ba ko ƙwayar azurfa. To baƙin da kake gani a hoton kala rini uku ne suka haɗu suka cika, ruwan toka kuwa rini ukun ne suka zo daidai wa daida ba wanda ya fi wani. Kamar ka je marina ka ce a fitar maka da ruwan toka amma da baba uku daban daban, kowanne ya ɗan yi yawa sai yadin ya karkata wajensa. Wannan kuma shi ya sa kada ma ka yi tunanin jefa takardar kala cikin dibelofar baƙi da fari irin su Dektol, hoto zai fito amma a kwance, dushi dushi, ba baƙi mai ƙarfi, don azurfar ba ta kai ta riƙe hoto ita kaɗai ba. Takardar kala sai kemikal ɗinta, wato RA-4.

Sai abu na biyu. Ɗauki kowane nagetif na kala ka ɗaga shi a haske, za ka ga gaba ɗayansa ruwan lemu ne har bakin fim ɗin inda ba hoto. Ba tsufa ba ne, da gangan aka yi shi haka don gyara kurakuran rinin fim, kuma ita takardar an gina ta ne tana jiran hasken da ya ratso ta cikin wannan ruwan lemun. Shi yana tare shuɗin haske da yawa, ya tare kore daidai gwargwado, ya bar ja ya wuce. Nagetif ɗin kakanku ba shi da wannan, gindinsa garau yake ko ɗan toka toka. Saboda haka in ka sa shi ka bar filta inda ake barin ta don kala, shuɗi da kore za su kwararo fiye da kima, rawaya da majenta su yi yawa a takarda, hoton farko ya fito ja ja kamar ruwan goro. Mutane da yawa a nan suke karaya su ce takardar ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Hanya biyu ce ta gyara. Ta farko ka mayar da ruwan lemun da filtar inlaja, wato ka ƙara Y (rawaya) ka ƙara M (majenta), C kuwa ka bar shi a sifiri. In a inlajarka nagetif na kala yana fita daidai a wajen 50 da 50 misali, to ka fara da ƙarin kamar 60 zuwa 70 a kan Y, 30 zuwa 40 a kan M, wannan wurin farawa ne kawai fa ba wurin tsayawa ba, don lambar Durst ba ita ce ta LPL ba, ba ita ce ta Meopta ba, har kwan da ke ciki ma tsufansa yana canja lissafi. Matsalar wannan hanyar wasu kawunan inlaja a 130 suke ƙarewa, sai ka murɗa Y har ƙarshe hoton bai daina rawaya ba. Hanya ta biyu ita na fi so. Ka nemi guntun fim na kala wanda aka wanke amma haske bai taɓa shi ba, irin ɗan wurin nan mai ruwan lemu garau da ke ƙarshen fim bayan hoto na ƙarshe, ba baƙin bakin nan na farko ba. Ka sa shi a hanyar haske. Da ka yi haka takarda ta ga abin da ta saba gani, lambobinka su dawo kusa da na kullum, ka samu wurin motsi sama da ƙasa. Amma kada ka manna shi jikin nagetif ɗin, duk ƙarzuwa da ƙurar da ke kansa za su fito a hoto. In inlajar tana da ɗan aljihun filta a sama can za ka sa shi, nesa da inda lens yake kallo. In nagetif ɗin kakanku manya ne irin faffaɗan fim ɗin da ake kira 120, wanda galibin na situdiyon da can haka suke, to guntun ma na 120 za ka nema don ƙaramin fim na milimita 35 ba zai rufe ba, ko ka samu filtar kyamara mai lamba 85B ka riƙe ƙarƙashin lens, ita ma tana rage tafiyar.

Yanzu gyaran kala. Ƙa'idar tana juya wa sabon shiga kai don a baibai take: kalar da ta yi yawa a hoto, ita za ka ƙara a filta. Hoto ya yi rawaya ƙara Y, ya yi majenta ƙara M, ya yi ja ƙara su biyun tare. Ya yi shuɗi rage Y, ya yi kore rage M, ya yi kalar C ɗin nan rage su biyun. Rubuta shi da babban baƙi ka manna a bango, don cikin dare in ka gaji za ka murɗa ta inda ba nan ba. Da farko ka yi babban tsalle, 20 ko 15, gara ka wuce ka dawo da ka yi ta jan ƙafa da 2 da 3 takarda na ƙarewa. In ka matso sai ka koma 5, sannan 2. A hoton kala na biki bambancin 5 ba kowa zai lura ba saboda atamfa da kwalliya sun ɗauke ido, amma a ruwan toka ko 2 ido yana kamawa, ba inda kuskuren zai ɓuya. Ka kuma sani ƙarin M yana rage haske sosai sai ka ɗan ƙara lokaci, ƙarin Y kuwa kusan ba ya taɓa duhun hoton.

Kada ka yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen hoto. Takardar kala in tana jiƙe tana da wani shuɗi shuɗi a fuska wanda yake tafiya in ta bushe, ka samu abin busar da gashi ka busar da gwajin tukuna. Sannan hasken da kake dubawa da shi, wannan babban abu ne. Ruwan tokar da aka haɗa da rini yana canja fuska, abin da ka ga daidai ƙarƙashin farin kwan nan mai arha na ɗaki, da safe ka fito da shi tsakar gida ka ga ya koma kore ko ruwan hoda. Ba ka yi laifi ba, halin rinin kenan. Ka zaɓi haske ɗaya ka riƙa dubawa da shi kullum, in son samu ne irin hasken inda za a rataye hoton. Kuma ka ajiye wani hoto baƙi da fari na gaske, na azurfa, kusa da kai ka riƙa karawa, don ido in ya daɗe yana kallon abu ɗaya sai ya saba ya ce maka fari ne alhali ba fari ba ne.

To ga ra'ayina, kuma shine ainihin shawarar da zan ba ka. Kada ka kashe kanka wajen neman ruwan toka tsantsa. Za ka iya kai wa kusa, amma wurin siriri ne ƙwarai, ka zame hagu kaɗan kore, ka zame dama kaɗan majenta, kuma su biyun nan babu mai kyau a fuskar mutum. Kore a baƙar fata yana sa mutum kamar wanda ya tashi daga jinya, majenta kuma a farin rawani da farar babbar riga nan take yake tona kansa. Gara ka zaɓi kala da gangan. In ka kai inda kake ganin daidai ne, sai ka rage Y kamar 5 zuwa 8, M kamar 2 zuwa 3, hoton ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa mai ɗumi. Wannan ɗumin yana karɓar fatarmu, yana karɓar ginin ƙasa, hoton ganuwa ko Ƙofar Doka ko zauren gidan cikin birni duk sai ka ga sun zauna, kuma in haske ya canja ya ɗan motsa kalar ba wanda zai ce kuskure ne don tun asali ba ka yi alkawarin toka ba. Hoton dutsen Kufena da hazo kuwa za ka iya tura shi ɗaya ɓangaren, ɗan shuɗi mai sanyi. Abin da mai takardar azurfa zai sha wahalar rina hoto da kemikal ɗin sefiya ko seleniyom kafin ya samu, kai murɗa ɗaya ce. Har ma za ka iya ƙona sararin sama, wato ka ƙara masa haske shi kaɗai, da filta daban da ta ƙasa, sama ta yi sanyi ƙasa ta yi ɗumi a hoto ɗaya. Nan ne takardar kala ta fi, kuma ni a ganina wanda ya shiga aikin nan yana kallonta a matsayin maneji kawai ya bar rabin amfaninta.

Akwai wata matsala da filta ba ta magani, wato ka ga wurin haske ya karkata wata kala wurin duhu ya karkata kishiyarta, ka gyara rawani inuwar ƙarƙashin rumfa ta lalace, ka gyara inuwa rawani ya lalace. Wani lokacin daga kemikal ne, dibelofa ta gaji ko zafinta bai kai ba. Wani lokacin tsohuwar takarda ce. Amma a tsofaffin nagetif sau da yawa daga nagetif ɗin ne, wanda ba a ɗauraye shi da kyau ba tun wancan zamani ya yi rawaya rawaya a wasu wurare, ko gefensa ya yi sheƙi kamar madubi. Takardar baƙi da fari za ta ɗauki tabon a matsayin ɗan haske ko duhu kawai, ita ta kala za ta nuna maka shi da kala, tabo rawaya a nagetif ya zama shuɗi a hoto. Irin waɗannan ka ware su gefe. Naka sababbi kuma in fim ɗin Kodak T-Max ne ka ga gindinsa da ruwan hoda, fiksa ce ba ta ishe shi ba, ka mayar da shi sabuwar fiksa ka sake ɗaurayewa kafin ka kai shi inlaja.

Sai kontaras, wato ƙarfin bambancin fari da baƙi a hoto, wanda shine babban abin da za ka rasa. Da takardar baƙi da fari ta Multigrade ka saba Y yana sassauta hoto M yana ƙarfafa shi, daga 00 har 5 duk a takarda ɗaya. A nan wannan ya ƙare, Y da M kala kawai suke canjawa. Takardar kala kontaras ɗaya gare ta, kuma ta yanzu irin su Fuji Crystal Archive da ake yi don injin lesa na lab, mai ƙarfi ce, ta fi matsakaiciyar takardar baƙi da fari tsauri. Ma'ana nagetif ɗin ne zai zo wajen takarda, ba takarda za ta je wajensa ba. Wanda aka ɗauka cikin situdiyo da haske mai laushi, ko da safe cikin hazon hunturu, ko a inuwa, zai fito da kyau ƙwarai, har siraran nagetif ɗin da kake ganin ba su da jini su ne za su ba ka mamaki. Wahala tana wajen na hawan sallah, rana tsaka a filin ƙofar fada, farin rawani yana ƙyalli fuskar mahayi tana cikin inuwar amawali, doki baƙi. Irin wannan in ka ba rawani lokacinsa fuska ta toshe, in ka ceci fuska rawani ya zama farar takarda. Abin da ke taimakonka kaɗan shine kan kala haskensa a baje yake, ya fi kan kondensa (mai gilashin tattara haske) laushi a nagetif na azurfa, ya kuma fi ɓoye ƙarzuwa. Bayan wannan sai hannu, ka tare haske a fuska ka ƙara a rawani yadda ka saba. In bai isa ba sai ka yi wa takardar ɗan share fage, wato ka cire nagetif ka ba ta haske ɗan mitsitsi wanda shi kaɗai ba zai nuna komai ba, sannan ka mayar da nagetif ka buga, wannan yana sa wurin fari ya kama zane da wuri. Amma ka yi shi da filta ɗaya da guntun ruwan lemun nan a wurinsa, in ba haka ba farin hoton ya ɗauki kala. Wasu suna zuba ɗan sodiyom salfait a dibelofa don sassautawa, yana aiki amma yana cin ƙarfin baƙi, ka bar wannan sai hannunka ya zauna. Naka fim na gaba kuwa in ka san a takardar kala za ka buga, ka ɗan rage lokacin wankinsa tun daga tanki.

Takardar nan tana da saurin kama haske fiye da wadda ka saba, za ka iya ganin sakan 2 ko 3 ya ishe ta, wanda ba ya barinka ka yi aikin hannu, kuma gajeren lokaci irin wannan yana motsa kala don hasken kwan yana yin ja lokacin da yake kamawa da lokacin da yake mutuwa. Ka tsuke lens zuwa 8 ko 11, in har yanzu da sauri sai ka ƙara C da M da Y daidai da juna, 30 a kowanne a lissafin Kodak yana rage haske da rabi. Ka nemi lokacinka ya zauna wajen sakan 8 zuwa 15, kuma in ka samu kala daidai ka yi ƙoƙari ka riƙe lokacin, ka riƙa gyara duhu da lens.

Wuta kuma, wannan a garin nan sai an faɗa. Kwan inlaja in wuta ta ragu haskensa yana komawa ja, in ta ƙaru ya koma fari, kai kuma kana can kana murɗa filta kana zargin idonka. Gwaji biyu da lamba ɗaya su fito kala biyu, to duba wuta kafin komai. Sitabilaiza dole ne, in da hali ka ɗora inlajar a kan inbata ita kaɗai, kada ta haɗa layi da firji ko hita ko injin jan ruwa. Ƙaramin janareta ya fi komai ɓata wannan aikin.

Jan kwan nan na ɗakin duhu ka kashe shi gaba ɗaya. Takardar kala tana ganin ja, minti kaɗan ƙarƙashinsa farin hoton ya koma kalar C. Akwai fitilar da aka yi don kala, irin filtar Kodak mai lamba 13, amma duhunta ya kai har kusan gara babu, ni shawarata ka koyi aiki cikin duhu ƙirin, ba wuya in ka jera komai a wuri ɗaya kullum. Ka zauna minti biyar a ɗakin kafin ka buɗe takarda, za ka ga abubuwan da ba ka san suna haske ba, ɗan jan idon soket, fuskar inbata, ƙasan ƙofa, hasken da ke tsiyaya daga jikin inlajar kanta ya bugi bango. Baƙin salatif ya rufe su duka. Waya kuwa a waje.

Kemikal ɗin RA-4 ba shi da tsoro kamar yadda ake zuzuta shi. Asalin lissafinsa digiri 35, sakan 45 a dibelofa, sakan 45 a biliks, sannan ɗauraya kamar minti ɗaya da rabi zuwa biyu don takardar an lulluɓe ta da roba ba ta shan ruwa. A tire ko durom (gwangwanin da ake juya takarda da kemikal a ciki) ka sa ruwan tsayarwa tsakaninsu, ɗan asid mai rauni kamar kashi 2 cikin ɗari, yana hana tabo da zane zane. Mu nan Zariya yanayi yana taimaka mana rabin shekara, a Maris da Afrilu ruwan tankin sama da kansa yake kai wa wajen 35 har ya wuce da rana, sai ma ka sirka da na randa. A Disamba da Janairu ne za ka sha aiki, tire yana hucewa kafin ka gama gwaji biyu, sai ka zuba ruwan ɗumi a babbar roba ko kula ka tsoma kwalaben ciki, filas na ruwan zafi a gefe kana ƙarawa. Ana kuma iya yi a ƙasa da haka a tsawaita lokaci, mutane da yawa suna yin minti 2 a wajen digiri 20 da ɗoriya. Abin da ya fi lambar muhimmanci shine kada ta riƙa yawo, don kai ruwan toka kake bi, digiri ɗaya ko biyu in suka motsa kalar ma ta motsa. Tamomita mai kyau ya fi maka komai a ɗakin nan. Ka kiyaye biliks kada ko ɗigo ya faɗa dibelofa, ɗigo ɗaya ya isa ya kashe ta, tirensu daban mazubinsu daban hannun da ya taɓa wannan kada ya koma wancan. Dibelofar kuma tana mutuwa da iska, ka zuba ta a ƙananan kwalabe cike har wuya, abin da za ka yi aiki da shi kawai za ka fitar. Ka sa safar hannu don Allah, sinadarin CD-3 da ke cikinta yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje kuma in jiki ya fara ƙin sa ba ya dawowa, na san masu lab da dole suka bar sana'ar saboda hannu. Ɗakin ya samu hanyar iska. Tsohon biliks yana ɗauke da azurfa, kada ka zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Shi mai lab ɗin ka yi masa tambaya biyu kafin ka ba da kuɗi. Na farko injinsa na ruwa ne ko busasshe, don da yawa yanzu sun koma injin da ke fesa tawada, takardar wannan ba ta jin haske ko kaɗan, ba ta da amfani a inlaja. Wadda kake nema ita ce ta injin Noritsu ko Frontier mai kemikal, wadda take cikin baƙar leda ko magazin ba a buɗe ta a haske. Na biyu abin da zai zubo maka, na cikin tanki ne ko na ƙari ne, don na ƙarin ya fi ƙarfi, akan sirka shi da wani kemikal da ake kira sitata da ruwa, wasu injinan kuma nasu an yi shi ne don zafi mai yawa da gajeren lokaci, ka ce ya nuna maka takardar bayanin da ta zo da shi. Yankan ma a duhu za a yi, ka tsaya a kai. In ka kawo gida ka yanki ɗan guntu ka fito da shi haske ka ga wane gefe ne fuska, bayan yana da rubutun kamfani, ka lura ta ina take lanƙwasa don cikin duhu da lanƙwasar za ka gane. Ka yanka abin da zai ishe ka ka danne cikin kwali ya kwana ya miƙe. Sauran a firji cikin leda biyu, zafin bazara yana sa farinta ya koma rawaya, kuma in ka fito da ita ka bar ta ta huce sanyi kafin ka buɗe don kada raɓa ta sauka a fuskar. Gwajin farko ka wanke guntu ɗaya ba tare da ka haska shi ba, in ya fito fari tas to takarda da kemikal da ɗaki duk lafiya, in ya fito da kala ka san akwai abin nema tun kafin ka sa nagetif.

Kada ka ɗauka wannan wata dabara ce ta marasa hali, su kamfanonin da kansu sun bi hanyar. Kodak sun yi fim BW400CN, baƙi da fari ne amma a kemikal ɗin C-41 na fim ɗin kala ake wanke shi kuma an sa masa ruwan lemun nan musamman don lab ya buga shi a takardar kala ba wahala, sun daina shi a 2014. Ilford XP2 shi ma C-41 ne kuma har yanzu ana yinsa, sai dai ba shi da ruwan lemu, shi ya sa da can in aka kai shi lab hotunan suke dawowa ruwan ƙasa ko kore, to shi yadda za ka yi da na kakanku haka za ka yi da shi. Kodak ɗin dai sun daina takardar baƙi da fari tun 2005, yanzu Ilford da Foma ne mafi yawan abin da za ka samu in za ka yi oda.

Maganar daɗewa kuma gaskiya zan gaya maka, rini yana kodewa. Takardun yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya shiga falon gidajenmu ya ga hotunan aure na shekarun 1980 da suka koma ja ya san abin da rana da zafi suke yi, kuma da yake rini ukun ba tare suke kodewa ba, hoton da ka sha wahala ka daidaita zai karkata wata rana. Na azurfa da aka yi wa fiksa da ɗauraya yadda ya kamata ya fi shi rai sosai. Saboda haka na rabawa dangi da na albam da na aikin makaranta, buga su a takardar kala hankali kwance. Amma ka zaɓi guda biyar ko goma da suka fi daraja a gidanku, ka tara kuɗi ka yi odar fakiti ɗaya na takardar azurfa dominsu. Su nagetif ɗin kuwa su ne asali, kada ka wanke su da ruwa don ka ga ƙura, iska da burushi mai laushi kawai, ka riƙe su ta gefe, kowanne da rigarsa ta takarda, a wuri busasshe ba cikin akwatin ƙarfe a ɗakin da rana ke duka ba. In ka buɗe wani kwali ka ji tsami kamar binega ko ka ga fim ya fara yamutsewa, ka raba shi da sauran nan take don yana harbin na kusa da shi, kuma shi za ka fara yi wa sikanin.

Ranar farko kada ka ɗauko na hawan sallah. Ɗauko na situdiyo guda ɗaya mai laushi wanda yake da fuska da farar riga da ɗan baƙi, ka zauna a kansa har ka samu lambar, ka rubuta Y da M da lens da sakan da zafin ruwa a bayan hoton. Duk nagetif ɗin da suka fito daga irin fim ɗaya za su zauna kusa da wannan lambar, sai in ka canja rol na takarda ko kwan ne za ka sake nema. In ka yi gwajin ka turo min hoton tare da farar takarda a gefensa, ka ɗauka a inuwa da rana ba da fitila ba, sai in gaya maka ta inda za ka murɗa.